Darasin Tsuntsayen Tsibiri Ga Mutanen Dajin Rugu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Jama'a, a wannan mako za mu duba labarin waɗansu tsuntsaye da suka shuɗe, domin akwai gargaɗi a ciki ga 'yan'uwanmu na Batsari da Safana.

A tekun Indiya akwai wani tsibiri mai suna Murishus. Sa'ad da Turawan Holan suka sauka can a shekarar 1598, sun tarar da wani ƙaton tsuntsu, dodo, wanda ba ya tashi sama, ba ya kuma gudun mutum. Daga shekarar 1662 ba a sake samun tabbataccen labarin ganinsa ba. A 1865 aka tono ƙasusuwansa a wata fadama, sa'an nan a 2002 masana na Jami'ar Oxford suka binciki ƙwayoyin gadonsa, suka gane ashe ɗan'uwan tattabara ne da kurciya.

Haka kuma a tsibirin Madagaska an yi wani tsuntsu mai tsawon kusan mita 3, wanda ƙwansa guda ya kai na kaza wajen 150. An daɗe ana zaton dangin jimina ne na kusa, amma a 2014 masana na Jami'ar Adelaide suka nuna cewa mafi kusa da shi shi ne kiwi na ƙasar Niyu Zilan, wanda bai wuce kaza girma ba. Watau kakanninsu da fiffike suka ƙetare teku.

To, me ya hana su tashi daga baya? Tsibiri ba kura, ba dila, abinci kuwa ga shi a ƙasa. Tashi sama aiki ne mai cin ƙarfi, saboda haka bisa tsawon zamani fiffike ya ƙanƙance, jiki ya yi nauyi. Ran da mutum ya iso da aladu da ɓeraye da birai, suka far wa ƙwan dodo da ke ƙasa, ba shi da wurin gudu, domin ruwa ya kewaye shi.

Kada wani ya ɗauka nazarin wannan kauce wa addini ne. Suratul Ankabut, aya ta 20, ta umurce mu da yawo a bayan ƙasa don mu duba yadda aka fara halitta, Suratul An'am kuwa, aya ta 38, ta sanar da mu cewa tsuntsaye al'ummai ne kamarmu. Tun ƙarni na 9 Malam Jahiz na Basra ya yi dogon nazari a kan dabbobi cikin Kitabul Hayawan. Mai binciken ƙashi yana gano yadda abu ya gudana ne, Mai gudanarwa kuwa Allah ne.

Yanzu mu dawo gida. Ba sai da ruwa a ke yin tsibiri ba. Dajin Rugu, wanda ya ratsa Batsari da Safana da Ɗanmusa har iyakar Zamfara, gonaki suna matsarsa, masu itace da gawayi suna cinsa, ga kuma ta'asar 'yan bindiga da ta hana tsaronsa. Daji in ya tsinke gunduwa-gunduwa, zabon daji da fakara da burtu da ke ciki sun zama 'yan tsibiri: yawansu ya ragu, dangi ya riƙa barbarar dangi, fari guda ya isa ya ƙarar da su.

Mun riga mun ga misali. A ƙarni na 19 fatake suna kai gashin jimina daga Kano zuwa Tarabulus. Yau kuwa a Nijar sai an killace ta a Kelle, cikin jihar Damagaram, don kada irinta ya ɓace.

Shari'a ba ta bar mu ba magani ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina ya zama hurumi, Sayyidina Umaru kuma ya keɓe Rabaza. Saboda haka muna kira ga limamai su shigar da wannan cikin huɗuba, hakimai da dagatai su tsare burtali da kan iyakar daji, maharba su ɗaga wa tsuntsu ƙafa lokacin da ya ke kwanci. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya dawo mana da zaman lafiya a Rugu, Ya sa mu riƙe amanar da Ya ɗora mana. Amin.