A sa wa riƙon ƙwarya wa'adi

Malam Edita,

Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi ƙorafi kan yadda ake barin manyan kujerun gwamnati a hannun muƙaddasai wata da watanni, wani lokaci har shekaru.

Ni tsohon malamin makaranta ne daga Dapchi, hedikwatar ƙaramar hukumar Bursari. Tun da na yi ritaya nake bin fayil ɗin garatutina. Sau uku ina yin sammako in shiga mota, in biya kuɗin zuwa da dawowa daga ɗan fanshon da bai taka kara ya karya ba. A zuwa na ƙarshe na samu shiga wurin shugaban sashen da fayil ɗin yake. Mutum ne mai kirki, har ruwa ya sa aka kawo mini. Ya buɗe fayil ɗin, ya duba, ya ce komai ya cika. Sai ya mayar da murfin bironsa ya ce: "Baba, ka yi haƙuri, ni riƙo nake yi. A bari mai kujera ya zo." Wani abokina daga Gashuwa da muka haɗu a bencin jira ya ce shi ma amsar da aka ba shi ke nan.

Ban ga laifinsa ba. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda bai san ko gobe yana nan ba, ba zai sa hannu a takardar kuɗi ba, ba zai tsawata wa ma'aikacin da ke da uwa a gindin murhu ba, kuma kullum idonsa na kan wanda ya ɗora shi.

Mun ga irin haka a sama. Ibrahim Magu ya riƙe hukumar EFCC a matsayin muƙaddashi daga Nuwamba 2015 har Yuli 2020, inda Majalisar Dattawa ta ƙi tabbatar da shi sau biyu. Su ma ƙananan hukumomi a jihohi da dama sun daɗe a hannun kantomomi, sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa zaɓaɓɓun shugabanni kaɗai doka ta sani.

Maganin kuwa yana cikin tsarin mulkinmu na 1999. Sashe na 231 ya ce riƙon kujerar Alƙalin Alƙalan Ƙasa wata uku ne, ba a sabunta shi sai da shawarar Majalisar Shari'a ta Ƙasa. Da haka aka bi da Mai Shari'a Tanko Muhammad: ya fara riƙo a Janairu 2019, aka tabbatar da shi a Yuli. Me zai hana a yi wa kujerun manyan sakatarori, daraktoci da sakatarorin ilimi irin wannan iyaka?

Ina kira ga Gwamna Mai Mala Buni da Majalisar Dokokin Jihar Yobe su kafa doka: riƙo kada ya wuce wata shida, a tabbatar da mutum ko a naɗa wani. Kuma takardar naɗin ta fayyace cewa sa hannun mai riƙo daidai yake da na mai kujera. Ranar da ma'aikaci zai yi ritaya sananniya ce tun ranar da aka ɗauke shi aiki, don haka babu hujjar a ce ba a shirya magaji ba.

In ba haka ba, riƙon ƙwarya zai ci gaba da zama riƙon sakainar kashi, mu kuma tsofaffi muna jiran gawon shanu a benci.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Dapchi, Jihar Yobe.