RA'AYINMU: A san tafkin sifirulin kafin a sha garinta

Ƴan shekarun nan wata sabuwar haja ta shigo kasuwanninmu, tun daga Yamai har Damagaram. Gari ne kore shar, ko kuwa ƙwayoyi ƙanana masu launin ganye, cikin kwalabe da ƙunshin leda masu rubutun Faransanci ko na Ingilishi. Ana samun su a farmasi da kantuna, ana kuma tallar su ta wayar salula, muryar mai talla tana yawo daga wannan gida zuwa wancan. Masu tallar suna cewa cokali guda ya ɗauke wa mutum cin ganye, yana ƙara jini, yana wanke ciki, har yana tayar da yaron da tamowa ta kama. Sunan da ya fi yawa a jikin waɗannan kwalabe shi ne sifirulin. Tun da yake magana ce da ta shafi lafiyar jama'a da aljihunsu, wajibi ne mu tsaya mu duba ta a tsanake.

Da farko dai, sifirulin ba baƙuwa ba ce a wannan yanki namu. Wata ƴar mitsitsiyar halitta ce mai kama da gansakuka, wadda sai da madubin likita ake ganin ƙwaya ɗaya tata, a murɗe kamar igiya. Abin da take so shi ne ruwa mai kanwa da zafin rana. A maƙwabciyarmu Cadi, cikin ƙasar Kanem da gefen Tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar ta daga saman tafkunan kanwa. Sukan zuba ta cikin ƴan ramuka a kan rairayi, ruwan ya tsane, rana ta busar da ita, sannan su ɓantare ta gutsure-gutsure su kai kasuwa. Dihe suke ce mata, da ita kuma ake kaɗa miyar tuwon hatsi. A shekarar 1940 wani masani Bafaranshe, Pierre Dangeard, ya yi bayaninta a rubuce. Cikin 1964 zuwa 1965 kuma wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Beljik, Jean Léonard, ya tarar da ita a kasuwar Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, daga nan ne Turawa suka shiga binciken ta gadan-gadan. Can ƙasar Meksiko ma, tun ƙarni na 16 Turawan Sifen suka iske mutanen ƙasar suna kwasar irinta daga tafkin Texcoco. Wato abin da ake kawo mana yau daga ƙetare da tsada, a ƙofar gidanmu aka fara sanin darajarsa.

Darajar kuwa akwai ta, ba mu musu. Busasshiyar sifirulin, kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na nauyinta furotin ne, wato sinadarin da ke gina jiki. Tana da sinadarin ƙarfe mai taimakon jini, tana kuma da sinadarin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Amma ku da kuka koyi lissafi a ajin yaƙi da jahilci, ku ɗauki alli mu yi shi tare. Abin da aka saba sha a yini bai wuce garam 5 ba, cikin ƙaramin cokali ɗaya ko biyu. A garam 5 ɗin nan furotin wajen garam 3 ne. Shi kuwa wake, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne. Ke nan garam 13 na wake, wanda bai cika tafin hannun yaro ba, zai ba da abin da cokalin nan ya bayar. Sai mai gida ya tambayi kuɗin kwalbar, ya tambayi kuɗin tiyar wake, ya yanke wa kansa hukunci.

Akwai kuma abin da ake rubutawa a jikin kwalba wanda bai tsaya da ƙafarsa ba. Sau da yawa za a ga an sa bitamin B12. Bincike ya nuna mafi yawan abin da ke cikin sifirulin mai kama da bitamin ɗin ne kawai, jikin ɗan Adam ba ya amfana da shi. Wanda yake bukatar B12, sai nama da hanta da kifi da ƙwai da nono.

Inda hatsarin yake shi ne ruwan da aka noma ta. Sifirulin tana zuƙe abin da ke cikin ruwa, mai kyau da mugu. Idan ruwan yana da dalma ko zaiba ko arsenik, suna iya taruwa a jikinta, su bi ta har cikin kwalba. Jama'ar Katsina da Gobir ba su bukatar a gaya musu abin da dalma ke yi wa yaro: a 2010, a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara, tsallaken iyakarmu kaɗan, yara wajen 400 ne suka rasu saboda ita. Ba sifirulin ce ta jawo wancan ba, amma guba ɗaya ce, kuma ko kaɗan ce ta daɗe tana shiga jikin yaro sai ta taɓa masa ƙwaƙwalwa.

Hatsari na biyu ya fi wannan ɓoyuwa. A tafki ɗaya da sifirulin, wasu ƴan'uwanta sukan tsiro, masu launi irin nata, waɗanda suke fitar da wata guba da ake kira mikrosistin, mai lalata hanta. Ita sifirulin ba a san ta da wannan guba ba, amma wanda ya kwashe ta daga ruwan da ba a kula da shi yana iya kwasowa tare. A 1996, a garin Caruaru na ƙasar Barazil, marasa lafiya fiye da 50 suka mutu a wani gidan wankin ƙoda, domin ruwan da aka yi musu aiki da shi yana ɗauke da wannan guba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta sa iyakarta a ruwan sha tun 1998, mikrogaram 1 cikin lita guda, mikrogaram kuwa shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na garam. Abin da ya kamata uwar gida ta riƙe shi ne, ido ba ya ganin wannan guba, hanci ba ya jin ta, tafasa kuma ba ta kashe ta. Dafuwa tana maganin ƙwayoyin cutar da ƙura ko kashin dabbobi suka zuba a cikin gari, amma dalma da mikrosistin suna nan daram bayan an sauke tukunya.

A 2017 hukumar ANSES ta ƙasar Faransa, mai kula da tsabtar cimaka, ta fitar da gargaɗi bayan ta samu rahotannin mutanen da suka sha sifirulin suka kamu da ciwon ciki, ko ƙaiƙayi da kumburi, ko ciwon tsoka, ko taɓuwar hanta. Hukumar ba ta hana sha ba. Ta ce ga mai lafiya, idan garin tsabtatacce ne kuma ba a wuce ƙima ba, ba a ga wata illa ba. Amma ta ja kunnen waɗanda jikinsu ke saurin ƙin wani abinci, da masu raunin hanta ko na tsoka, da masu wata cutar gado da ake kira fenilketonuriya, waɗanda jikinsu ba ya iya sarrafa wani ɓangare na furotin. Ta kuma lura cewa garam 5 a yini yana ba da miligaram 7 zuwa 8 da rabi na sinadarin nan mai zama bitamin A, alhali iyakar da aka shata wa irin waɗannan kayan ƙari miligaram 7 ce. Masu shan taba su kula da wannan musamman, domin wani babban gwaji da aka yi a ƙasar Finlan, wanda aka bayyana sakamakonsa a 1994, ya nuna shan wannan sinadari da yawa a ƙwaya ya ƙara wa mashaya taba kansar huhu maimakon ya rage. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da wanda likita ya ɗora a kan maganin hana jini daskarewa, kada su fara sai sun tambayi likita ko unguwar zoma. Na ƙarshen nan, garin ganyaye da ake haɗawa iri-iri yakan zo da bitamin K, wanda ke rage wa maganinsu ƙarfi.

Wani zai ce ai kwalbar daga Amurka ta zo, ko daga Turai, ta yaya za a bar gurɓataccen abu ya fito? To, a Amurka, bisa dokar 1994, kayan ƙarin abinci ba sa jiran amincewar hukumar magunguna kafin su shiga kasuwa, kamar yadda magani ke jira. Mai kamfani ne ke da alhakin tsabtar kayansa, hukuma kuwa galibi sai ɓarna ta bayyana take sa hannu. Kyan kwalba da hoton ganye a jiki ba shaida ba ne. Balle kuma garin da aka sake zubawa cikin leda a bakin tasha, babu suna, babu kwanan wata, rana tana dukan sa tun safe.

Abin da ya fi damun mu a wannan magana shi ne yara. Duk shekara, idan damina ta yi nisa rumbuna suka yi ƙasa, ga zazzaɓin cizon sauro, likitocin Maraɗi da Damagaram da Tawa sukan cika da yara masu tamowa. Yaron da madaurin awon damtse ya nuna masa ja, wato ƙasa da milimita 115, ko wanda ƙafafunsa biyu suka kumbura, yana bakin mutuwa ne, kwana biyu na jinkiri ma da yawa ne. Maganinsa sananne ne: madarar likita ga wanda ya galabaita, da kuma abincin nan na gyaɗa da madara da mai da sukari, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a ƙasarmu, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa kuma da wannan abinci a gidajen iyayensu. Ƙunshi guda mai garam 92 yana ba da kalori 500. Cokalin sifirulin bai kai kalori 20 ba. An gwada ta kan yara masu tamowa a Burkina Faso. Wani gwajin ya nuna ƙarin nauyi idan an haɗa ta da kunu mai gina jiki, wani bai nuna bambanci ba, kuma OMS ba ta sa ta cikin magungunan tamowa mai tsanani ba. Saboda haka duk mai tallar da ya ce wa uwa ta zauna gida ta ba yaronta koren gari maimakon ta kai shi likita, ya ɗauki alhakin rai, ko ya sani ko bai sani ba.

Ga babba mai lafiya wanda ya ga yana so kuma yana da hali, ba mu hana shi ba. Ya saya a farmasi ko wurin masu noman da aka sani, waɗanda za a iya komawa gare su idan wani abu ya faru. Ya duba ko an rubuta sunan mai yi da ƙasar da aka noma, da lambar rukunin kaya, da ranar ƙarewar aiki. Ya tambayi takardar gwajin da ke nuna an auna dalma da mikrosistin. Mai kayan kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Kwalbar da aka jera sunayen ganyaye talatin ba a faɗi nauyin kowanne ba, a bar ta a kanta. Haka nan wadda ta yi alkawarin warkar da ciwon sukari da hawan jini da sida gaba ɗaya. In an fara, a fara da kaɗan, in an ga ƙuraje ko amai ko idanu sun yi rawaya, a daina nan take a nufi likita da kwalbar a hannu.

Mu dai abin da ke ba mu mamaki shi ne a ce ƙasar zogale ce ake sayar wa garin ganye. Lambunan gulbin Maraɗi da na bakin kogi a Yamai suna fitar da zogale rani da damina. Ga kuka, ga rama, ga yakuwa, ga lalo da tafasa da alayyafo. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ya haɗa ganye da furotin da mai, man kuwa shi ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A. In an matsa lemun tsami a kai, jiki ya fi karɓar sinadarin ƙarfe. In an bi shi da shayi mai kauri nan take, an rage amfanin. Ganyen da aka shanya a inuwa ya fi na rana riƙe albarkarsa. Malaman yaƙi da jahilci da ƙungiyoyin mata suna iya koyar da wannan cikin zama ɗaya, ba tare da an kashe ko dala ba.

Sauran aikin na hukuma ne. Muna da ɗakin gwaji na ƙasa a Yamai, LANSPEX, wanda aikinsa ke nan, auna ingancin magani da abinci da ruwa. Ya kamata duk wani garin sifirulin, na waje ko na gida, a ɗebi samfurinsa a auna kafin a ba shi izinin shiga kasuwa, a kuma sanar da sakamakon ta rediyo cikin harsunan ƙasa. Ma'aikatan duwan su nemi takardar gwaji a kan iyaka. Gidajen rediyo masu karɓar talla su ƙi duk tallar da ta kira kayan ƙarin abinci magani. Magadan gari da sarakuna su sa ido a tashoshi da kasuwannin mako, inda ledar da ba ta da suna ta fi yawo.

Masu noma ta a cikin gida kuwa a kama musu, kada a kore su. A Cadi, hukumar FAO da kuɗin Tarayyar Turai ta koya wa matan Kanem tace dihe da shanya ta nesa da rairayi, kamar yadda ta bayar da labari a 2010. A Kudugu ta Burkina Faso ana noman ta cikin kwamin siminti, inda ake iya sanin irin ruwan da aka zuba. Mu ma muna da kanwa, muna da rana. Ƙungiyar da ta ɗauki wannan sana'a a ba ta horo, a auna mata ruwanta da garinta a kan kuɗi mai sauƙi, a ba ta tambarin da mai saye zai gane ko bai iya Faransanci ba, tambarin kuma a karɓe shi ranar da gwaji ya nuna ƙazanta.