Canza tafinta ba aikin dare ɗaya ba ne

Tunda dokar da aka kafa a Maris 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, iyaye a nan Gangara suke tambayata: “Malam, yaushe za a daina koyar da yaranmu da Faransanci?” Amsata nakan ɗauko ta daga duniyar kwamfuta.

Kwamfuta ba ta jin abin da mutum ya rubuta mata sai an fassara shi zuwa lambobin na'ura. Manhajar da ke wannan fassara ita nake kira tafinta. FreeBSD, babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta wadda kowa ke da izinin dubawa da gyarawa, ta daɗe tana dogara da tafinta mai suna GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. A 2007 masu GCC suka sauya sharuɗɗan lasisinsu. Sharuɗɗan ba su yi wa mutanen FreeBSD ba, sai suka tsaya a kan tsohon samfuri 4.2.1, yana ta tsufa a hannunsu. Daga baya suka juya ga wani tafinta, Clang.

Ku dubi yadda suka yi. Ba su kori tsohon rana ɗaya ba. Sun ajiye biyun tare, suna gina manhajar da kowanne, suna gwadawa. Sai a FreeBSD 10, a Janairu 2014, Clang ya zama na gaba a yawancin kwamfutoci, kuma ba a cire GCC daga cikinta ba sai 2020. A tsakani, sabon tafinta ya tona kurakuran da tsohon ya saba haɗiyewa, da wuraren da aka rubuta abu don dacewa da halin GCC kawai. Android ɗin da ke cikin wayoyinmu ma yau da Clang ake gina shi.

Na ga irin haka a ajina. Yaro ya haddace ma'anar kaso cikin ɗari da Faransanci, ba tuntuɓe. Na ce ya gaya mini da Hausa nawa ne kashi goma na jaka biyar, sai ya yi shiru. Tafinta na biyu ne ya nuna mini hadda ce, ba fahimta ba.

Don haka ina goyon bayan a shigo da Hausa aji. Amma masu cewa a yar da Faransanci gobe, ina littattafan lissafi da kimiyya? Ina malaman da aka horar? Da wane harshe yaro zai rubuta jarrabawar BEPC?

Malamai, mu koyar da biyun, mu riƙa auna ɗaya da ɗaya. Iyaye, in yaro ya dawo gida, ku ce ya faɗa muku darasin yau da Hausa. In ya kasa, ku zo mu zauna.