Kada a Auna Gari da Ɗakin Asibiti

Kwanakin baya wani dattijo ya kawo jikansa asibiti. Da ya leƙa ɗakin da ake kwantar da yara masu tamowa, ya ga gadaje cike, sai ya riƙe baki ya ce, "Ashe rabin yaran ƙasar nan tamowa ta kama su." A wani ƙauye kuma na ji mai gari yana cewa, "Mu nan babu tamowa, ku dubi yaranmu suna ta guje-guje a dandali." Kowannensu ya faɗi abin da idonsa ya gani, amma dukansu biyu sun yi kuskure. Asibiti marasa lafiya ne ke taruwa cikinsa. Dandali kuwa masu ƙarfi ne ke fitowa, yaron da ya rame yana cikin ɗaki a bayan uwarsa.

Ra'ayina shi ne, duk wanda ya ce mana "rabi", ko "kashi kaza cikin ɗari", kada mu karɓa, kada kuma mu ƙaryata, sai mun yi masa tambaya uku.

Ta farko: su wa aka duba? Mai sayen gero ba ya yarda da na bakin buhu. Yakan zura hannu har ciki, ya ɗebo daga tsakiya da ƙasa. Haka masu binciken lafiya suke yi. Suna zaɓen ƙauyuka da gidaje ta hanyar ƙuri'a, don kada son rai ya shiga. Shi ya sa za su shiga gidan maƙwabcinka su tsallake naka. Ba raini ba ne, ba kuma rabon kaya suke yi ba.

Ta biyu: mutum nawa aka duba? A ce a wani gari yaro 20 cikin kowane 100 ne ke da tamowa. In ka auna yara 10 kawai, kana iya samun huɗu, kana kuma iya rasa ko ɗaya, alhali garin bai sake ba. In ka auna 100 da aka zaɓa da ƙuri'a, kusan kullum za ka samu tsakanin 12 da 28. In ka auna 400, lissafin zai matse, ya tsaya tsakanin 16 da 24 cikin ɗari. To ga yadda ake gwada maganar dattijon nan. Da gaskiya ce rabi ne, in an auna yara 100 sai a samu tsakanin 40 da 60. In 20 aka samu, maganar rabi ta faɗi. Maganar mai gari ma ta faɗi, domin 20 ba "babu" ba ce.

Ta uku: da me aka auna, kuma yaushe? Ido yana ruɗi. Yaron da jikinsa ya kumbura ana iya cewa ƙiba ya yi, alhali tamowa ce mai tsanani. Shi ya sa ake danna bayan ƙafafunsa biyu a ga ko yatsa zai bar rami. Ana kuma auna dantsen yara daga wata 6 zuwa wata 59 da igiyar awo mai launi uku. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, har zuwa 12 da rabi, matsakaiciya ce. Lokaci ma yana da magana: awon da aka yi a watan Agusta, rumbu ya ƙare ga masassarar damina, ba zai zo ɗaya da na bayan kaka ba.

Wani zai ce, mene ne ruwan manomi da wannan lissafi? Da ruwansa ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashi 15 cikin 100 na yara masu rama a matsayin hali mai tsanani ƙwarai, kuma da irin wannan awo ake sanin inda za a fara kai abinci da magani. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa ba su manta da shekarar 2005 ba. In muka ɓoye yaro marar lafiya saboda kunya, lissafin garinmu zai fito ƙasa da gaskiya, taimako ya wuce mu. In kuma muka aro yaran wani gari don adadi ya ƙaru, mun ɗauke rabon waɗanda suka fi mu bukata.

Saboda haka in masu awo sun zo gidanka, fito da yaran gidan duka, mai ƙiba da ramamme, ka faɗi shekarunsu daidai. In sun gama, kana da ikon tambayarsu yara nawa suka auna, nawa kuma suka samu.

Abu ɗaya kada ka manta: lissafin gari ba ya faɗin halin ɗanka. Ko da an ce yaro ɗaya ne cikin ɗari, in naka yana ramewa, ko ƙafafunsa sun kumbura, ko ya ƙi cin abinci, kawo shi a auna tun yau.