Kafin Ka Shiga Kwalekwale, Dubi Ruwan

A wannan wata za mu taɓo wata sabuwar al'ada da ta shigo wa samarinmu na zango, wato yawon shan iska a kan ruwa. Da an sauko daga Idi, ko an sami hutun makaranta, sai ka ga ƙungiyoyin samari da 'yan mata daga Nima da Mamobi a Ankara sun cika mota sun nufi Ada ko Akosombo, na Kumasi kuma sun gangara tabkin Bosomtwi. A can za a yi hayar jirgi a yi ta tuƙi har la'asar. Wasu masu hali ma sun fara tunanin sayen nasu. Ba mu ga laifin wannan ba, motsa jiki ne mai kyau. Abin da ke damunmu shi ne yawancinmu da ido muke zaɓen jirgi, wanda ya fi fenti shi ake rububi, alhali kuwa ruwan da za a shiga shi ya kamata ya yi zaɓen.

Bari mu fara da jiragen da mutum zai tarar a bakin gaɓa. Na farko shi ne kwalekwalen da muka sani tun kaka da kakanni, wanda ake sassaƙawa daga gungumen itace guda. A nan Gana itacen wawa aka fi sassaƙa shi da shi, domin ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin sara. Akwai kuma na katako da ake haɗawa da ƙusa a toshe da kwalta, irin wanda ya cika Yeji da Dambai da Kete-Krachi. Kwalekwale buɗe yake, yana ɗaukar mutum uku ko huɗu da kayansu, ana tuƙa shi da filafili mai baki ɗaya. Na biyu shi ne wanda ake kira kayak. Asalinsa na mutanen Inuwit ne na can ƙuryar arewacin duniya, wajen Girinlan da Kanada da Alaska, waɗanda ke ɗinka fatar dabbar ruwa a kan ƙirar itace su fita farauta. Na yanzu da roba mai ƙarfi ake zuba shi, mutum ɗaya ko biyu yake ɗauka, filafilinsa kuma baki biyu gare shi, ana tsoma dama ana tsoma hagu.

Shi kayak ɗin ma iri biyu ne, kuma bambancin ba ƙarami ba ne. Akwai wanda ake zura ƙafafu a cikinsa har ƙugu, akwai wanda ake zama a bisansa kamar an hau tabarma. Wanda ake shiga ciki an yi shi ne saboda ƙasashen sanyi, don kada ruwa ya taɓa jiki. In ya kife sai ya cika da ruwa, kuma wanda bai koya ba zai sha wuya kafin ya zare ƙafafunsa. Wanda ake hawa bisa kuwa cikinsa a rufe yake da iska, yana da ƙananan ramuka da ruwan da ya fantsamo ke zurarewa ta ciki. In ya kife sai ka juyo shi ka sake hawa. A ƙasar zafi irin tamu, inda jiƙewa ba ta kashe kowa, shawararmu ga sabon shiga ita ce ya ɗauki na hawa bisa.

Sai maganar tsawo da faɗi. Ƙa'idar ɗaya ce ga kowane jirgi: dogo siriri ya fi gudu da miƙewa, amma yana da saurin karkata da wuyar juyawa. Gajere mai faɗi ba ya sauri, sai dai yana zaune daram. Kayak na shan iska yakan kai mita 3 zuwa 3 da rabi, na doguwar tafiya kuma mita 4 da rabi zuwa sama. Mai koyo ba shi da abin yi da dogon. A duba gindin jirgin kuma. Mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi kwanciya a ruwan da ke kwance, amma in igiyar ruwa ta taso, tare da ita yake tashi yana bugawa. Mai zagayayyen gindi, kamar ƙaramin kwalekwalen sassaƙa, da ka sa ƙafa za ka ji yana rawa, shi ya sa masunta ke zama ƙasa-ƙasa a cikinsa. Don ka ga yaron masunci yana tsaye a ciki yana jefa birgi, kada ka ce kai ma za ka gwada. Shi a ciki ya girma.

To, yanzu ga ruwan. Tabkin Bolta ba tabkin Allah-da-Annabi ba ne, ruwa ne da aka tare lokacin da aka gama madatsar Akosombo a 1965, ya malale fili kusan murabba'in kilomita 8,500. Dazuzzukan da ya shanye ba a sare su ba, kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashi, kuma su ne sanadin haɗurran jirgi da yawa a tabkin. Saboda haka jirgin da ake hurawa da iska kamar tayar mota ba na wannan ruwa ba ne, tsinin itace guda ya ishe shi. Ga faɗi kuma, iska na samun filin tayar da igiya cikin ɗan lokaci, musamman da farkon damina in hadari ya haɗo da rana tsaka. Da hunturu kuwa hazo kan ɓoye gaɓa. A nan ana son jirgi mai tauri, mai ɗan tudun gefe, kuma a riƙa bin gaɓa.

A Ada, inda kogin ke shiga teku, ruwan tsakanin tsibirai lafiyayye ne, kayak na hawa bisa ya dace da shi sarai. Matsalar tana bakin mashiga. Teku na cikowa yana janyewa sau biyu a kwana guda, kuma in yana janyewa ruwan kogi kan ja da ƙarfi zuwa waje, inda igiya ke karyewa. Ƙaramin jirgin shan iska ba shi da hurumi a wurin. A tambayi mutanen gari lokacin janyewar ruwa kafin a tashi. A tuna kuma ƙarfin kogin a ƙasan madatsa yana hannun masu buɗe ƙofofi, kamar yadda aka gani a 2023 da aka saki ruwa ya mamaye Mepe da maƙwabtanta. Shi kuwa Bosomtwi, kwanciyarsa ce ke ruɗin baƙo. Zurfinsa a tsakiya ya kusa mita 80, kuma masuntan wurin a kan falankin itace suke zama su tuƙa da hannu, abin da ke da sauƙi a ido kawai.

Wanda zai saya, ya gwada jirgin a ruwa kafin ya biya. Na roba kan zo da rubutun nauyin da zai iya ɗauka. A haɗa nauyin mutane da na kaya, a bar rarar kamar kashi ɗaya cikin huɗu. In na hannu ne, a duba ko rana ta ƙona shi, domin robar da ta daɗe a rana takan koɗe ta yi gautsi, gindin kuma ya lotsa. In na itace ne, a danna bakin wuƙa a gindi da wajen ƙusoshi. Inda ta shige da sauƙi, ruɓa ce. A tuna da wurin ajiya ma. Kayak na mutum ɗaya bai cika wuce kilo 25 ba, mutum biyu za su ɗora shi a kan mota. Kwalekwalen itace kuwa a bakin ruwa yake zama, in ya bushe da yawa sai ya tsage. Ga wanda sau biyu ko uku zai je a shekara, haya ta fi masa.

Mun bar babbar magana a ƙarshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021. Mu kuwa mutanen zango, in ban da 'yan uwanmu na bakin tabki, kaɗan ne cikinmu suka iya iyo. Don haka rigar ceto ita ce sayayya ta farko, kafin jirgi, kafin filafili. Ta zama daidai jiki, a ɗaure ta tamau, yaro kuma a nema masa tasa, don ta babba za ta zame masa ta kai. Mai hayar da ya ce ba shi da riga, ko ya ce a ƙara mutum ɗaya ai babu komai, a bar masa jirginsa. Babbar riga da dogon zane da mayafi mai ja in sun sha ruwa nauyi suke yi suna naɗe ƙafa, a nemi sutura mai rufe jiki wadda ba ta da yalwa. In an fita, a fara tuƙi ana fuskantar iska, yadda in an gaji ita za ta koro mutum gida. In jirgi ya kife, a riƙe shi, kada a sake shi a nufi gaɓa. A rage wanka a gefen tabki inda ciyawa take, saboda tsargiya.

Shugabannin ƙungiyoyin samari da iyaye, wannan aiki naku ne tun kafin mota ta tashi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A san ruwan da za a je, a ƙirga riguna daidai da kawuna, a bar wa wani a gaɓa lokacin dawowa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa. Allah Ya kai mu lafiya.