Kafin a aza harsashin gidan motsa jiki



Ya ku jama'ar Galma, samarinmu masu dawowa daga ci-rani a Abijan da Libiya suna sha'awar gina gidan motsa jiki, wasu kuma suna cewa haramun ne. Masu haramtawa ba su da hujja. Manzon Allah (SAW) ya yi kokawa da Rukana, ya kuma yi tsere da Nana A'isha. Kokawa gadonmu ce, a Tawa aka fara gasar takobin ƙasa a 1975.

Amma mai tsara ginin ya ji tsoron Allah. Wanda ya tanadi wurin kiɗa da madubai, ya manta da wurin alwala, ya riga ya bayyana abin da yake girmamawa. Tun a zane a ware wurin alwala. A rufe ƙofa idan an kira La'asar da Magariba, domin lokacin ne samari ke taruwa. A raba lokacin maza da na mata. Namiji ya suturta tsakanin cibiya da gwiwa, ko da an saba sakaci da wannan a filin kokawa.

Ƙarfin da ya hana mutum tsayuwa a sahu hasara ce. Allah Ya shiryar da mu baki ɗaya.