Fitilar da ke ɓoye mota

Masu karatu, wanda ya saba tafiyar dare ya san wannan: in babbar mota ta tunkaro ka da fitila, ba ka ganin motar, balle kayan da ta ɗauko. Irin wannan matsala ce ta daɗe tana damun masana taurari.

A shekarar 1963, a tashar Palomar ta Amurka, Maarten Schmidt ya gano cewa ɗigon hasken da ake kira 3C 273 ba tauraro ba ne: nisansa ya wuce tafiyar haske ta shekara miliyar 2. Irinsa ake kira kwazar. Yau an san asalinsa: baƙin rami ne mai tsananin nauyi a tsakiyar garken taurari, kuma gaz ɗin da ke kwarara cikinsa yana yin zafi har haskensa ya danne na garken duka.

To, ƙaƙa za a binciki garken? Sai a kauce wa fitilar, a kama hasken gefe mai dishi-dishi, a tsaga shi launi-launi kamar bakan gizo. Taurari na barin baƙaƙen layuka cikin launukan, gaz mai zafi kuwa layuka masu haske. Daga layukan ake gane shekarun taurari da saurin motsinsu, daga saurin kuma a lissafa nauyi. Da wannan dabara Boroson da Oke suka tabbatar a 1982 cewa hazon da ke kewaye da kwazar 3C 48 taurari ne. A 2023, madubin James Webb ya kamo hasken taurarin garkuna 2 masu kwazar, kamar yadda suke tun sararin samaniya bai cika shekara miliyar 1 ba.

Ga abin da ake son warwarewa. A garkunan da ke kusa da mu, nauyin ramin bai cika wuce kashi kaɗan cikin 1000 na nauyin taurarin tsakiya ba. Wa ya tsaida wannan ma'auni? Layukan gaz sun nuna kwazar na korar gaz da saurin ɗaruruwan kilomita cikin daƙiƙa, alhali gaz shi ne irin da sababbin taurari ke tsirowa daga gare shi. Masana da yawa na ganin ramin ne, in ya ƙoshi, yake watsar da irin, ya hana kansa ci, ya hana garken haihuwa.

Garkenmu ma yana da nasa ramin, mai nauyin rana miliyon 4, amma yanzu lafe yake. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.